Tokar Alhamis

Ni mutum ne mai son dariya, duk Gyaɗi-Gyaɗi an sani. Ko wajen zaman makoki na je, can gefe ake ajiye ni, don kada in buɗe baki a ji kunya. Amma kwanakin nan haushi nake kwana da shi nake tashi da shi, irin haushin da zai sa mutum ya yi faɗa da butar alwalarsa, kuma ba komai ya jawo shi ba sai toka. Tokar murhu, wadda a da roƙonka ake yi ka zo ka kwashe. Na zagaye unguwar nan gida-gida da bokiti a hannu, ni da tumbina da furfurata, ban samu ko cikin gwangwanin madara ba. Kowane gida gas, kowane gida gas. Wata amarya ta leƙo ta bayan ƙofa ta ce, "Baba, toka kuma? Ta mece ce?" Wata Hajiya da na sani tun tana tallan gyaɗa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce idan asiri aka ba ni in ji tsoron Allah, na girma. A unguwar da aka haife ni ke nan.

Sai na yi bayanin abin da toka take a wurinmu, don na lura yaran yanzu ko sunanta ba su iya faɗa daidai ba. A bayan gidajenmu, ta ɓangaren da ke kallon Tarauni, akwai wani fili. Girmansa kuwa, idan na buga ƙwallo daga raga, ina iya shiga gida in ci tuwo in wanke hannu kafin ta dawo. Da la'asar ba ka jin komai sai dukan tamola a ƙafa ba takalmi, da usur, da kukan awakin da muka kora, da muryar iyaye mata daga bayan katanga ana kiran wane ya zo ya kai niƙa. Kiran sallar magariba shi ne alƙalin ƙarshe. Ko fenariti za a buga, da ladan ya ɗaga murya an ajiye sai gobe. Mai filin a wurinmu wani dattijo ne mai facin keke a bakin titi, muna ce masa Baba Koci. Ba shi da takardar komai, bai taɓa bugawa kowa ƙwallo ba, amma yana da usur na ƙarfe da igiya doguwa da doka guda ɗaya. Kowace Alhamis bayan la'asar, duk mai son ya taka filin nan a makon zai zo da bokitin toka daga murhun gidansu. A tankaɗe ta da tsohuwar rariya, a zuba a gwangwanin da aka huda da ƙusa, a ja igiya, a bi ta ana kaɗawa har layi ya fito fari tas. Wanda bai kawo ba, ko shi ne ya fi kowa iya yanka, zai zauna a kan dutse ya yi kallo. Mun sha tambayarsa wahalar ta mece ce, tunda kowa ya san inda raga take. Sai ya ci gaba da goga robar facinsa ya ce, "Ni ba ni da takarda, ku ma ba ku da ita. Amma duk wanda ya zo wucewa ya ga layi fari, ya san wurin nan da mutane."

Rabon matsayi a lokacin ba a zaman shawara a kansa. Mai ƙiba raga, shi ya sa tun ina ɗan shekara goma sunana ya ɓace, kowa Gola yake ce mini har yau, har matata idan ranta ya ɓaci. Wanda bai iya yanka ba kuma a tura shi baya. Haka aka tura mini wani dogon yaro siriri, ɗan maƙwabtanmu, wanda idan ya yi magana sau biyu a yini to ranar ya yi surutu. Baba Koci ya kama hannunsa ya kai shi layin tsakiya ya ce, "Aikinka a nan ya ƙare. Can gaba akwai masu neman tafi, ka bar musu." Ya kuma ɗora masa zuba tokar layin raga, ya ce tunda shi zai tsare shi, shi zai zuba shi. Yaron nan ya ɗauki maganar kamar wasiyya. Mu muna kaɗa gwangwani sama-sama mu gudu, shi kuwa sai ya durƙusa yana lafta toka a tsakanin turakun nan biyu kamar mai yaɓen ɗakin amarya, har ta yi tudu. Bai daɗe a baya ba aka daina kiran sunansa na yanka. Duk ɗan gaban da ya zo da gudunsa sai ya ji kamar ya ci karo da ƙofar da aka kulle ta ciki, sai aka sa masa Sakata.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta wasan ƙarshe tsakaninmu da 'yan Tarauni. Mutanen da suka taru ran nan, na rantse da a ce an ƙirga su da an ba unguwarmu ƙaramar hukuma. Har a kan bishiyar darbejiya mutane ne reshe-reshe. Muna da ɗaya, ba su da ko ɗaya, rana ta yi ja, kowa kunnensa na wajen masallaci. Suna da wani ɗan gaba gajere mai gudun tsiya, ana ce masa Walƙiya. Ni kuma dokar da Baba Koci ya ba ni tun da safe guda ce: "Gola, kome ya faru kada ka fito." To, 'yan mata masu tallan rake sun jeru a bayan ragata, ga shi tun da aka fara wasan Sakata bai bari ko iska ta iso gare ni ba, ban yi abin da za a tafa mini ba. Da na hango Walƙiya ya ɓalle, sai na ce yau za a san akwai gola a garin nan. Na fito da gudu, ƙasa tana girgiza. Ya ɗan kauce kawai, na wuce shi kamar buhun gero da ya faɗo daga mota, ya ɗaga ƙwallon ta bi ta sama ta nufi ragar da babu kowa. Ina kwance ina cin ƙasa na ga wasu dogayen ƙafafu sun tsallake ni. Ƙwallon ta sauka, ƙura ta tashi fara fat, sai ga ta ta yi waje, ga Sakata a kwance a tsakanin turaku.

'Yan Tarauni suka ce ta shiga. Mu muka ce ba ta shiga ba. Alƙalin wasan wani malamin firamare ne, usur ya maƙale masa a baki, na ga an fara tsintar duwatsu, wani ya zare turken kwana. Baba Koci ne ya taho a hankali yana share hannu da tsumman mai, ya ce kowa ya tsaya inda yake, kada wanda ya taka layin raga. Ya kira dattawan Tarauni biyu ya ce su zo su gani da idonsu. A tsakiyar tudun tokar nan ga shatin ƙwallon nan zagaye, kamar an kifa ƙwarya an ɗauke, ga kuma jan ƙafar Sakata da ya share ta waje. Bayan layin ko ɗigo babu. Ɗaya dattijon ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya miƙe ya ce, "Ba ta wuce ba. Ku zubar da duwatsun nan." Bai rufe baki ba ladan ya kira salla. Da a ce irin layin da nake zubawa ne, siriri kamar zaren ɗinki, da ran nan sai an kwana a asibiti. Muna ta tsalle, wani mutum mai Vespa da ba mu san shi ba yana tsaye wajen Baba Koci yana nuna Sakata da makullin mashin.

Ta hannun mai Vespa ɗin nan Sakata ya tafi. Ya fara da wata ƙungiya a nan cikin gari, inda ya sa takalmin ƙwallo karon farko ya ce ji yake kamar an ɗaure masa bulo a ƙafa. Ya koma wata a Kudu. Sai wata rana muna zaune wajen mai shayi, rediyo na jera sunayen waɗanda aka kira su bugawa ƙasa, muka ji an ambaci wani suna an karya shi gida uku. Sai da aka maimaita muka gane namu ne. Mai shayin ya kifar da tukunyar ruwan zafi don murna, ni kuma na zagaye unguwa ina gaya wa mutane ni na koya masa komai, wanda ta wata fuskar gaskiya ne, don ba don shirmena ba da mai Vespa bai gan shi ba. Ya buga wa ƙasar nan shekaru, ya je ƙasar Larabawa, ya je wata ƙasar Turai mai sanyin da ya ce idan ka tofar da yawu sai ka ji ƙararsa a ƙasa. Kuma a duk tsawon wannan tafiya, kulob da ƙasa, bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba. Ko kwana aka samu manyan 'yan baya suka tafi neman sa kai, za ka hango shi shi kaɗai a layin tsakiya, hannu a ƙugu. Turawa sun yi da shi ya hau gaba, Larabawa sun yi, ya ce shi an gaya masa inda aikinsa ya ƙare. Idan ya zo hutu kuwa, Alhamis tana yi za ka gan shi ya fito daga gidansu da bokitin Innarsa, mutumin da aka nuna a talabijin jiya, yana durƙushe yana yaɓen layin raga. A wani wasa na ƙasa ne ya sa ƙafa inda mai hankali ba zai sa ba, ya tare wadda za ta shiga, gwiwar ta tafi. Ya dawo gida yana jan ƙafa, ya buɗe ɗan shagon sayar da hatsi.

A nan haushina yake farawa. Ku je gidan kallon ƙwallo na bakin titi ku gani. Samari sun cika shi maƙil, suna zagin iyayen juna a kan ƙungiyoyin garuruwan da ko a taswira ba za su iya nunawa ba. Sun san ranar haihuwar ɗan wasan da bai san akwai Kano a duniya ba, sun san sunan karensa. Ran nan Sakata ya leƙa yana neman wani, ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, wani saurayi da askinsa ya yi kama da zankon zakara ya ce, "Baba, matsa mana, ka tare mana." Na ce masa, kai, ka san wanda ka ce ya matsa? Mutanen da aka biya su kuɗi himili don su matsar da shi sun kasa. Na ba su labari tun daga farko. Suka saurara, sai ɗaya ya ce, "To Baba Gola, ƙwallo nawa ya ci?" Na ce ko ɗaya. Suka fashe da dariya. Na ce nawa ya hana, wannan ba ku tambaya ba. Sun riga sun juya wajen talabijin.

Amma idan zan faɗi gaskiya, ba yaran ne suka fi ba ni haushi ba. Baba Koci ya rasu Sakata yana Turai. Muka yi aure, muka yi tumbi. Wata Alhamis aka ce ana ruwa, a bari sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa aka ce wane yana suna. Damina ta wuce, ciyawa ta rufe layin, ƙannenmu suka koma wani fili mai ciyawar roba da ake kamawa awa-awa, wanda layinsa fenti ne ba ya gogewa. Ba a yi shekara biyu ba muka ga wani dillali da tef yana awo, sai duwatsun shaida, sai bulo. Babu wanda ya zo da sanda ya kore mu. Mutum ya zo wucewa, bai ga layi ba, ya ce wurin nan ba kowa. Shaguna suka cinye gabas, suka cinye kudu, suka cinye ragar da na tsare shekara goma sha. Kuma shago na uku daga kwana, wanda yake daidai tsakanin inda turakun nan biyu suke, mai sayar da kayan gyaran adaidaita sahu, nawa ne. Na kama haya da hannuna. Na gaya wa kaina gara ɗan fili ya zauna a wurin da baƙo. Shekara nawa ke nan, Sakata bai taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Yana zuwa mu gaisa, mu tambayi iyali, amma daga waje, a tsaye, ko rana tana dukansa. Na ce ya shigo ga kujera ga fanka, ya ce, "A'a, nan ma ya yi."

Abin da ya rage na filin yanzu wani ɗan tsiri ne a gaban shagunan, wanda idan na kwanta a tsakiyarsa na yi miƙa sai in taɓa gefe da gefe. Makon jiya Sakata ya zo ya tsaya a wurin da ya saba.

"Gola, ranar Alhamis ka zo da toka."

"Toka? Wanki za mu yi?"

"An ce Alhajin da ya gina waɗannan zai gina sauran."

"Alhajin nan fa shi ne mai shagon da nake ciki, mutumina. 'Ya'yana bakwai, kuma duk irina ne wajen ci."

"Na sani."

"Kuma toka ba takarda ba ce. Yanzu zamani ya canza, ko ka zuba buhu goma tifa ba ta karatu."

"Ban ce za ta hana ba. Na ce ka zo da ita."

Ya juya yana jan ƙafar nan. Na yi niyyar in jefa masa wata maganar ban dariya a baya, na duba cikina kaf ban samu ba.

Shi ne yawon da na fara ba ku labari. Da Gyaɗi-Gyaɗi ta gagara na tsallaka Tarauni, aka ce in je wajen wani mai balangu, shi har yanzu da itace yake aiki. Ina zuwa na tarar da wani gajere mai sanƙo yana juya nama, tumbinsa ya kusa kamo nawa. Ya ɗago ya dube ni, na dube shi.

"Buhun gero," ya ce.

"Walƙiya. Ashe kana raye."

"Ƙwallon nan fa ta shiga."

"Dattijonku ne ya ce ba ta wuce ba."

"Ba ya gani sosai, kowa ya sani. Me ya kawo ka?"

Na gaya masa. Sai ya ajiye wuƙa, ya jawo buhuna biyu na toka daga bayan rumfa. Ya ce ba zai ba ni in ɗauka ba, don wanda ya kasa riƙe raga ba za a ba shi amanar toka ba, da kansa zai kawo.

Ranar Alhamis bayan la'asar mu uku muka tsaya a tsirin nan. Sakata ya zo da igiya da usur ɗin Baba Koci, ashe shi aka bar wa. Ni na huda gwangwani, Walƙiya yana tankaɗe yana mita. Masu adaidaita sahu da ke jiran gyara suka taso kallo, yawancinsu baƙi ne daga ƙauyuka. Wani daga cikinsu, mai furfura a gemu, ya matso ya tambayi sunan dogon nan mai jan ƙafa. Da na faɗa sai ya cire hularsa ya mayar, ya ce a garinsu a rediyon kakansa ya san sunan, bai taɓa zaton mutum ne da ake iya gani ba. Ya karɓi bakin igiyar ya riƙe. Da aka zo layin raga, wuri ɗaya ne ya rage da za a ja shi, dab da dakalin shagona. Sakata ya dube ni. Dillalin Alhaji yana tsaye a tsallake, waya a kunne, yana kallona shi ma. Na ɗauke kwalayen da na baje a wurin na shigar da su ciki. Sakata ya durƙusa a kan gwiwa mai lafiyar, ya lafta ta har ta yi tudu. Kafin magariba an buga wasa, mutum biyar-biyar, direbobi da masu faci, ba takalmi, na sha uku a raga, duka laifin 'yan baya ne.

Da safe tifa ta zo ta juye yashi a tsakiyar filin. Kafin azahar dillalin ya miƙo mini takarda, in bar shagon ƙarshen wata. Matata ta karanta ta ajiye, ta ce, "Gola, a kan toka?" Na ce a kan toka. Tuwon ranar dai ya zo da gudaji.

Jiya Alhamis ta sake zagayowa. Na zaci mu uku ne, sai na tarar da bokitai shida, har da na Hajiyar nan da ta ce asiri nake, ta aiko da ta gawayin turarenta a ƙullin leda. Tarin yashin yana nan daidai inda layin tsakiya ya kamata ya bi. Na ce a zagaye shi. Sakata ya miƙa wa direban nan mai furfura bakin igiya, ya hau yashin yana jan ƙafa yana nutsewa, yana kaɗa gwangwani, layin ya hau ya sauka ta ɗaya gefen, fari tas. An ce bulo zai iso ranar Litinin. Na sani, shi ma ya sani.

Da ya sauko yana haki, na tafi na tsaya a kan tudun tokar da ke ƙofar shagon da ya kusa zama ba nawa ba. Na ce masa idan bulon ya zo fa, ya za mu yi? Ya kakkaɓe hannu, ya zo ya tsaya taku biyar a gabana, ya ba ni baya kamar yadda ya saba ba ni tun muna yara. Bai waiwayo ba.

"Gola," ya ce, "wannan karon kada ka fito."